Dutsen Dala na Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Kusan duk Bakano ya san sunan Barbushe da Tsumburbura tun yana firamare, amma idan aka zauna hira sai ka ji labarin ya cakuɗe: wani ya ce Barbushe ne sarkin Kano na farko, wani ya ce Bagauda a kan dutsen ya gina fadarsa, wani kuma ya rantse gunkin yana nan a binne a sama. An tattara tambayoyin nan daga waɗanda ɗalibai da baƙi da su kansu mutanen gari ke yawan maimaitawa. A cikin amsoshin an yi ƙoƙarin raba abu uku: abin da aka tono a ƙasa, abin da aka rubuta a littafin Tarihin Kano, da abin da ake faɗa a baki.

Ina Dutsen Dala yake, kuma yaya tsayinsa?

Yana cikin tsohon birnin Kano, a ɓangaren arewa maso yamma, a ƙaramar hukumar da ta ci sunansa, wato Dala. Unguwanni irin su Dala da Madigawa da Yalwa da Kantudu da Bakin Ruwa duk suna wannan yanki, haka nan Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal ba su da nisa da shi.

Adadin da ake yawan rubutawa na tsayinsa shi ne mita 534. Wannan awo ne daga doron teku, ba daga gindin dutsen ba, kuma ita kanta Kano tana zaune ne a kan tudu mai kusan mita 480. Saboda haka abin da mai hawa zai taka bai wuce 'yan gomomin mitoci ba. Matafiyin nan Heinrich Barth ya ƙiyasta shi ƙafa 120 a 1851. Akwai matattakalar siminti da aka yi masa, kuma adadin da aka fi ambata shi ne taki 101. Masu cewa 999 ba su taɓa hawa ba, ko kuwa sun hau da azumi a bakinsu.

Dutse ne irin na Zuma ko Kufena?

A'a. Waɗancan duwatsu ne masu sulɓi, dunƙulallu. Dala tsauni ne mai shimfiɗaɗɗen kai, samansa marmara ce ja mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, irin wadda ke gutsurewa idan ruwa ya daɗe yana dukanta. Goron Dutse da ke yamma da shi ma haka yake. Wannan bambanci ya shafi abu biyu a tarihinsa: dalilin da ya sa maƙera suka zo (duba tambaya ta gaba da mai bi mata) da kuma dalilin da ya sa yake zaizayewa a yau (duba tambayar ƙarshe).

Tun yaushe mutane ke zaune a wurin?

Hujja mafi tsufa ba a takarda take ba, a ƙasa take. An samu ragowar murhun narka tama a gindin Dala, aka gwada gawayin da ke ciki da irin gwajin kimiyyar nan na gano shekarun abu, sai ya nuna wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Wato tun Musulunci yana ƙarninsa na farko a ƙasar Larabawa, akwai masu fasa marmara suna hura wuta suna fitar da ƙarfe a nan. Kuma sana'ar narka tama ba ta mutum ɗaya ba ce: sai da masu haƙa, da masu ƙona gawayi, da masu zuga, da manoman da za su ciyar da su su kuma sayi fartanya. Murhu ɗaya ke nan yana nuna akwai jama'a zaunanniya, fiye da shekara 300 kafin lokacin da aka ba Bagauda.

Me ya ja mutane suka taru a nan, ba wani wuri ba?

Tama ita ce ta farko. Akwai tsohon labari a bakin mutanen Kano cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna, garin ya ci sunansa. Abagayawa, maƙeran da ke cikin birni, da wannan asali suke tutiya. Ko ba a ɗauki labarin kalma da kalma ba, ya dace da abin da aka tono.

Sai ruwa. Rafin Jakara yana kusa, kuma a da kurmi ne mai duhu ya lulluɓe shi. Ga ƙasa mai kyau ta noma a kewaye, ga kuma tudu wanda daga kansa ake hango mahara tun suna nesa. Abu na ƙarshe shi ne imani: Hausawan zamanin da suna ɗaukar manyan duwatsu mazaunin iskoki ne. Shi ya sa idan ka duba tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa za ka ga da yawa a gindin dutse suka tsiro, kamar Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara. A ƙasar Kano ma Dala ba shi kaɗai ba ne, akwai mazauna Goron Dutse da Magwan da Fanisau da Santolo. Abin da ya fifita Dala shi ne ya haɗa ƙarfe da ruwa da matsafar da kowa ke zuwa.

Wane ne Dala da aka sa wa dutsen sunansa?

Littafin Tarihin Kano ya ce wani mutum ne da ba a san ƙabilarsa ba, ya zo ƙasar nan ya gina gida a kan dutsen, ya zauna da matansa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku, babbansu Garageje. Daga zuriyar Garageje aka samu Buzame, shi kuma ya haifi Barbushe. Littafin bai faɗi wani yaƙi ko sarauta da Dala ya yi ba. Abin da ya bari gado shi ne sanin tsafi, kuma wannan sani ne ya gangaro har kan Barbushe.

Barbushe sarki ne?

Ba sarki ba ne irin wanda muka sani, mai fada da hakimai da haraji. Babban matsafi ne wanda manyan gidaje suka sallama wa saboda tsoron abin da ke hannunsa. An siffanta shi da baƙin mutum, ƙato, maharbi, wanda ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya kawo gida. Wannan kam kirari ne, kuma ba shi kaɗai aka yi wa ba, don an ce wani daga cikin mutanensa, Gagiwa, da igiya yake kama giwa.

Abin da ya fi labarin giwa amfani shi ne jerin mutanen da littafin ya kawo, kowa da aikinsa. Gunzago yana zaune a gindin Goron Dutse. Gijigiji maƙeri ne, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, Maguji mai haƙar tama da narka ta, Asanni na kiɗa da rawa, Baƙonyaƙi na baka da kibiya, Awar kuma na gishiri da sha'anin ruwa. Wanda ya karanta wannan jeri a tsanake zai ga ba taron maharba ba ne kawai. Jama'a ce da ta riga ta rarraba sana'o'i gida-gida, irin rabon da har yau ake ganin sawunsa a sunayen unguwannin birni da sarautun sana'a.

Mece ce Tsumburbura? A kan dutsen take?

A nan ne aka fi yin kuskure. A baki ana cewa gunki ce, mace, tana saman Dala. Abin da ke rubuce ya ɗan sha bamban. Littafin ya ce abin bautar yana cikin wata bishiya mai suna Shamus, an kewaye ta da katanga, wurin kuma ana kiransa Kakuwa. Ba mai shiga cikin katangar sai Barbushe, duk wanda ya kuskura ya shiga mutuwa zai yi. Shi Barbushe a kan dutsen yake zaune, kuma an faɗa ƙarara cewa saukowa yake yi ya tafi wurin bishiyar. Ke nan dutsen gidan matsafi ne, matsafar kuwa a ƙasa take. Ƙarin hujja ita ce daga baya an gina masallaci a ƙarƙashin wannan bishiya, kamar yadda ya zo a amsar da ta yi magana kan ƙarshen bautar.

Akwai kuma wuri na biyu mai alaƙa da ita, wato kurmin Jakara, wanda ruwansa baƙi ne. An ce idan masifa na tafe sai a ji ƙara daga cikin kurmin, a ga hayaƙi yana tashi daga wurin Tsumburbura. Sai a yanka baƙin kare a gindin bishiya, a yanka baƙin bunsuru a kurmi. In ƙarar ta lafa an tsira, in ta ci gaba to abin zai auku.

Yaya ake yin bikin bautar?

Sau biyu a shekara Barbushe ke saukowa. Idan lokaci ya matso, mutane maza da mata su taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani riƙe da baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Su taru a gindin Dala da yamma ranar jajibere. Sai duhu ya yi Barbushe ya fito da makaɗansa, ya yi kirari, jama'a su amsa, a ɗunguma zuwa matsafa a yi yanke-yanke. Ya shiga shi kaɗai yana shelar cewa shi ne magajin Dala, ko an so ko an ƙi sai an bi shi. A waje ana ta rawa ana zagaya katanga har gari ya waye. Da safe ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi.

Littafin ya kira waɗannan ranaku "ranakun Idi biyu". Ba shakka mutanen Barbushe ba su san Idi ba. Marubucin Musulmi ne, ya auna musu lokaci da kalandar da ya sani, kuma irin wannan ɗan zamewar alƙalami na tuna mana cewa labarin ta hannun wa ya biyo kafin ya iso gare mu.

Da gaske Barbushe ya yi duban zuwan Bagauda?

Haka aka rubuta. An ce wata shekara ya fito ya gaya wa jama'a wani mutum zai zo da runduna ya mallake su. Suka ce wannan mugun baki ne. Ya ce in bai zo a zamaninku ba zai zo a zamanin 'ya'yanku, ya ɗaukaka nasa ya manta da naku. Suka tambayi mafita, ya ce babu sai haƙuri.

Mai karatu ya lura da wanda wannan labari ya yi wa rana. Zuriyar Bagauda ce ta yi mulki, kuma ba abin da ya fi wa mai mulki daɗi kamar a ce tun kafin ya zo babban malamin waɗanda ya tarar ya riga ya sallama masa. Irin wannan duba da ke halatta sabuwar sarauta ana samunsa a tarihin masarautu da yawa.

Bagauda ya yaƙi Barbushe? A Dala ya zauna?

Duka biyun a'a. Yadda labarin ya zo, Bagauda bai tarar da Barbushe da rai ba, magadansa ya tarar. Shi Bagauda ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda a labarin Hausa Bakwai, kuma shekarun da aka ba shi su ne 999 zuwa 1063. Ya ci wasu shugabanni da yaƙi, ya kashe Jankare, sa'an nan ya kafa garinsa a Sheme, can ya yi sarautarsa. Mutanen Dala suna nan da matsafarsu da shugabanninsu. An ɗauki kusan shekara 300 ana zaman doya da manja tsakanin masu sarauta da masu tsafi: waɗannan suna da doki da mashi, waɗancan suna da asirin ƙasa, kuma kowane ɓangare yana bukatar abin da ke hannun ɗayan.

Yaushe Dala ya shiga cikin ganuwa?

Tun ganuwar farko. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda (1095 zuwa 1134), shi aka ce ya fara ginin, ranar farko ya yanka wa ma'aikata shanu 100. Ɗansa Tsaraki (1136 zuwa 1194) ya kammala. Ƙofofi takwas aka yi mata, cikinsu akwai Mazugal da Ƙofar Ruwa da Adama da Waika da Kansakali, sunayen da har yau suna nan. Dubi inda waɗannan ƙofofi suke za ka ga birnin farko Dala ya kewaye. An faɗaɗa ganuwar a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake ƙarawa a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17, birnin yana ta miƙewa, dutsen da ke tsakiya ya koma gefe.

Yaushe aka daina bautar Tsumburbura, kuma wa ya rushe ta?

Ba rana ɗaya aka yi ba, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Sarki Guguwa (1247 zuwa 1290) ya nemi matsafa su gaya masa asirin abin bautarsu, suka ƙi, ya yi yunƙurin ƙwata da ƙarfi bai yi nasara ba, an ce ma makancewa ya yi. Shekarau da ya gaje shi sulhu ya yi da su, ya karɓi kyaututtukansu ya bar su da al'adunsu. Tsamiya (1307 zuwa 1343) shi ne ya far musu da yaƙi. Labarin ya ce jaruminsa Bajeri ya kutsa cikin katanga ya tarar da wani mutum ya jingina da bishiya riƙe da jan maciji, ya soke shi da mashi, mutumin ya fita a guje ta Ƙofar Ruwa ya faɗa ruwan Ɗankwai. Tsamiya ya rushe katangar. Abin lura, Tsamiya ba don addini ya yi ba. Asirin yake so ya dawo hannunsa, kuma bishiyar bai taɓa ta ba.

A zamanin ɗansa Yaji (1349 zuwa 1385) littafin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, sarki ya karɓi salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazanta shi, har sai da aka sa masu gadi. Kuma ko bayan haka abin bai mutu ba. Kanajeji ɗan Yaji (1390 zuwa 1410), da Zazzau ta kore shi a fagen fama, ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, babban matsafin tsohon addini, aka ce ya mayar da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Ya sari reshen bishiyar aka yi ganguna da shi, ya koma yaƙi ya ci. Ɗan sarkin da ya gina masallaci ke nan.

Sare bishiyar sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), bisa umarnin babban malamin da ya zo Kano a lokacin, aka gina hasumiya a gurbinta. Zamanin ne Shehu Magili ya sauka Kano, wajen 1492, ya rubuta wa Rumfa nasiha kan yadda sarki Musulmi zai yi mulki. Wani tsohon rubutu na Wangarawa da kansu ma a zamanin Rumfa ya sa isowar shehinsu, ba zamanin Yaji ba, don haka masana sun kasu kan wannan. Daga Tsamiya zuwa Rumfa dai shekara 150 ne da ɗoriya. Kuma sauran ɓurɓushi ya daɗe a fada: Dirki, wani naɗaɗɗen abin tsafi wanda sarakuna ke yi wa yankan shanu, sai Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya sa aka fasa shi da gatari, aka tarar Alƙur'ani ne a naɗe cikin fatu.

Me ya sa fadar sarki ba ta Dala, alhali nan ne asalin gari?

Domin tun farko Dala ba na masu sarauta ba ne, na waɗanda suka tarar ne (duba amsar Bagauda). Rumfa ne ya yanke zancen, ya gina sabuwar fada can kudu da tsohon gari, wato Gidan Rumfa da sarkin Kano ke ciki har yau, da masallacin Juma'a a kusa da ita. Ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, wurin da a da ake jin tsoron kurminsa. Cikin sarauta ɗaya mulki da salla da ciniki duk suka samu sabon mazauni. Yankin Dala ya rage da maƙera da malamai da fatake. Madabo, unguwar malaman Wangarawa da tsohon masallacinta, tana wannan ɓangare na birni.

Maguzawa su ne zuriyar mutanen Dala?

Littafin Tarihin Kano ya danganta su da Maguji, mai narka tama na zamanin Barbushe. A amfani na yau da kullum kuwa, Maguzawa suna ne na Hausawan da suka tsaya kan addinin gargajiya a karkarar Kano da Katsina da Zazzau, ba zuriyar mutum ɗaya ba. Mafi yawan jikokin mutanen Dala ba ko'ina suka tafi ba. Sun musulunta sannu a hankali, sun cakuɗu da Wangarawa da Barebari da Larabawa da Fulani, su ne Kanawa.

Za a iya dogara da littafin Tarihin Kano?

Da Larabci aka rubuta shi, kuma siffar da ya iso mana a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa ta, zamanin Sarki Muhammadu Bello, daga jerin sunayen sarakuna da kirari da labaran fada. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, daga baya aka fitar da ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Tsakanin Barbushe da wanda ya rubuta labarinsa akwai shekara kusan 900.

Shekarun da muke ta ambatowa ma ba a cikin asalin rubutun suke ba. Shi tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya har ya kai 999. Idan an tsallake sarki ɗaya ko an ƙara wa wani shekaru, duk lissafin ya gusa. Daga Rumfa zuwa gaba ana samun wasu rubuce-rubuce da ke mara masa baya, don haka ƙafarsa ta fi ƙarfi a nan. Kafin nan kuwa, masana irin su Murray Last suna ganin sashen farko ya fi kama da misali, inda mutum ɗaya ke tsayawa a madadin jama'a ko zamani guda. A ganina wanda ya yi watsi da shi gaba ɗaya ya yi asara, don sunayen ƙofofi da garuruwa da sana'o'in da ya ambata suna nan ana gani. Wanda kuma ya tsaya yana musu kan nauyin giwar Barbushe ya ɓata lokacinsa.

Me matafiyan Turai suka gani a Dala?

Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824 ya ambaci duwatsu biyun da ke cikin ganuwa. Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu na 1851, ya hau Dala ya zana birnin daga sama. Wannan zane, mai gidajen ƙasa da itatuwan dabino da fili fetal a cikin ganuwa, shi ne hoton tsohuwar Kano da aka fi bugawa a littattafai. Ya rubuta cewa Dala ce unguwa mafi tsufa, kuma a nan manyan attajiran Larabawa suke zaune, musamman mutanen Gadamas ta ƙasar Libiya ta yau. Ya ƙiyasta mazaunan birnin 30,000, adadin da ke ninkawa idan ayari ya sauka da rani. Wato shekaru aru-aru bayan sare bishiya, gindin Dala ya zama masaukin fataken Sahara.

Mene ne haɗin Takutaha da hawan Dala?

Takutaha ita ce ranar 19 ga Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, wadda Kanawa ke ɗauka ranar sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Gwamnatin jiha kan ba da hutu. Tun da hantsi yara da samari da 'yan mata cikin sababbin kaya ke tururuwa zuwa dutsen, matattakala ta cika maƙil, masu hawa da masu sauka suna gogar kafaɗa, a ƙasa kuma 'yan Islamiyya na zagaye da tutoci da waƙoƙin bege, ga masu sayar da rake da alawa da ruwan sanyi. Ba ranar da dutsen ke ɗaukar mutane kamar wannan.

Malamai sun saɓa a kai. Wasu na ganin taruwa a Dala a rana ta musamman sauran al'adar zamanin Barbushe ce da aka sauya wa riga, don haka suna hana ɗalibansu. Wasu na cewa murna ce kawai, kuma yaron da ya hau ba abin da ya kai shi sai kallon gari. Ka tambayi masu hawan, da wuya ka samu wanda ya sa Tsumburbura a ransa.

Akwai aljanu ko abin tsoro a sama?

Labarai kam akwai, kamar na ramin da ake kira Rijiyar Kare Kukanka, wadda ake cewa ba a san ƙarshenta ba. Tsohon wuri irin wannan ba ya rasa irinsu. Babu gunki ko ragowar matsafa da za ka gani, dalili kuwa ya gabata a amsar Tsumburbura. Abin da ya kamata baƙo ya kiyaye shi ne gefen dutsen, inda ƙasa ke zubewa, da kuma zuwa shi kaɗai bayan magariba, don wurin kan zama matattarar 'yan shaye-shaye.

In na hau me zan gani, kuma yaushe ya fi kyau?

Sama fili ne shimfiɗaɗɗe, jar ƙasa da tsakuwa. Daga nan za ka hango Goron Dutse ta yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci da yankin Gidan Rumfa ta kudu maso gabas, rufin Kasuwar Kurmi, da jirage suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Kusa da ƙafarka kuwa cikin gidajen mutane ne: tsakar gida, shanya, akuya a ɗaure, lunguna sun sarƙe kamar saƙar gizo. Mutanen unguwa ba sa son a riƙa ɗaukar hoton cikin gidajensu, a kiyaye.

Sassafe ko bayan la'asar ya fi, kuma ƙarshen damina ya fi lokacin hunturu, don hazo kan rufe gari. A da fatake suna hango dutsen tun suna nesa da ganuwa, daga nan aka samu karin maganar nan, hangen Dala ba shiga birni ba. Yau benaye sun tare shi, sai ka zo dab da shi ba ka gan shi ba, gara ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka gindin Dala. Wanda ke son ganin kayan tarihin da suka shafi labarin sai ya haɗa da Gidan Makama, kusa da fada.

Wane hali dutsen ke ciki yanzu? Yana cikin jerin UNESCO?

Bai shiga cikakken jerin wuraren tarihi na duniya ba. A 2007 Najeriya ta sa shi a jerin share fage na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, a haɗe da ganuwar Kano da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, kuma a wannan mataki yake. Kafin wuri ya wuce nan sai an nuna iyakarsa, da dokar da ke kare shi, da tsarin kula da shi, ga shi kuwa ita kanta ganuwar da aka haɗa su tare an cinye yawancinta da gine-gine.

Matsalar Dala ta fi ta dutse mai sulɓi, saboda marmara ce (duba tambaya ta biyu). Kowace damina ruwa na yanka kwazazzabai a jikinsa. Gidaje sun matso har gindinsa, ana zubar da shara, wasu na mayar da saƙo-saƙonsa makewayi. Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba: ƙasar da ke kewaye da gindin dutsen ita ce ke ɗauke da murahun tama da kashin maƙera da fasassun tukwanen mutanen farko, kuma duk harsashin ginin da aka haƙa ba tare da masu binciken tarihi sun duba ba, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Sunan kam ya bazu, ga ƙaramar hukuma, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga gidan rediyo da makarantu da kamfanoni. Kula da dutsen ya rataya ne a kan hukumomin tarihi da yawon buɗe ido na jiha da na tarayya, tare da masu unguwannin da ke kewaye da shi.